Kwamfutar hannu a ajin sakandare: inda take amfani da inda take zama asara a makarantun Kaduna

Tun daga 2015 hukumar JAMB ta daina jarrabawar takarda da fensir, duk mai neman gurbi a jami'a sai ya zauna gaban kwamfuta. A farkon 2024 WAEC ta fara nata tsarin na kwamfuta da masu rubuta jarrabawa da kansu, ba ta hannun makaranta ba, a 2025 kuma ministan ilimi Tunji Alausa ya sanar cewa gwamnatin tarayya na son WAEC da NECO su koma kwamfuta baki ɗaya. Ke nan yarinyar da ke aji uku na babbar sakandare a Giwa ko Kachia, wadda ba ta taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba, za ta yi takara da ɗan makarantar kuɗi na Unguwar Rimi wanda ya tashi da na'ura a hannunsa. Wannan ne ya sa maganar raba wa ɗalibai kwamfutar hannu, wato tablet, ba ta kwanciya a jihar Kaduna. Iyaye suna so, masu makarantu suna tallata ta, gwamnatoci da ƙungiyoyin agaji kuma suna ganin ta a matsayin gajeriyar hanya ta cike giɓi.

Damuwar ta gaskiya ce. Sai dai amsar da aka fi bayarwa, wato a sayo na'ura a danƙa wa kowane yaro ya tafi gida da ita, ita ce mafi tsada kuma mafi saurin rushewa. Abin da ya fi dacewa da makarantunmu shi ne na'urori ƙididdigaggu mallakar makaranta, a ƙarƙashin ikon malami, waɗanda ba su dogara da intanet ba, a fito da su don wani takamaiman aiki, a gama a mayar. Wasu daga cikin dalilan na koyarwa ne, wasu kuma na wuta da zafi da ƙura.

Babban amfanin kwamfutar hannu ba shi ne wanda ake yawan ambata ba. Ba bidiyo ba ne, ba kuma kyan hoto ba. Ka ɗauki ajin SS1 mai ɗalibi 80, wanda ba baƙon abu ba ne a Rigasa ko Tudun Wada. Tsarin karatu ya ce malamin lissafi ya koyar da logaridim da ikweshin mai iko biyu, alhali a cikin ajin akwai waɗanda har yanzu tara rabi da sulusi yana ba su wuya. Malami ɗaya ba zai iya yin darasi uku a lokaci guda ba, kuma ba zai iya duba littafi 80 kullum ba, balle in yana da azuzuwa huɗu ko biyar. Sai ya bi na gaba, na baya su ƙara nisa. Manhaja mai kyau tana yin abin da ya gagare shi: ta gwada yaro, ta gano inda ya tsaya, ta ba shi tambayoyi daidai da matakinsa, ta faɗa masa nan take ko ya yi daidai. A ƙarshen darasi malami ya duba ya ga cewa ɗalibai 30 sun faɗi a tambaya iri ɗaya, ya san inda zai koma gobe. An gwada irin wannan a birnin Delhi na Indiya da wata manhaja mai suna Mindspark, aka wallafa sakamakon a 2019. Cikin wata huɗu da rabi yaran da suka shiga shirin sun wuce takwarorinsu ƙwarai a lissafi da harshen Hindi, kuma raunanan ɗalibai ba a bar su a baya ba. Abin lura shi ne manhajar ta sauko ne zuwa inda yaro yake, kuma akwai malami a wurin. Da a ce littafin aji aka ɗauki hotonsa aka zuba cikin na'ura, ba za a ga wannan ba.

Amfani na biyu a darussan kimiyya yake. Makarantu da yawa suna da ɗaki mai suna ɗakin gwaje-gwaje, amma kayan ciki sun ƙare ko sun lalace. Jami'ar Kolorado ta Amurka tana da tarin gwaje-gwajen kwaikwayo kyauta da ake kira PhET, wanda Carl Wieman ya kafa a 2002, kuma ana iya sauke su a yi aiki da su ba intanet. A cikin ɗaya, ɗalibi yana jawo batir da ƙwan fitila da waya da yatsansa, ya haɗa su. In ya jera ƙwai biyu a layi ɗaya sai ya ga haskensu ya dushe, in ya raba musu hanya sai kowanne ya haska sosai, in ya haɗa bakin batir biyu kai tsaye sai wuta ta kama a fuskar na'urar. Abin da malami zai yi mako yana zanawa da alli, yaro ya gani cikin minti goma, gani kuwa ya kori ji. Manhajar GeoGebra ma haka take a lissafi: ka ja kusurwar alwatika, ka ga sauran kusurwoyin suna canzawa amma jimlarsu tana nan a digiri 180. Iyakar wannan amfanin a fili take. Ranar jarrabawar aikin hannu ta kemistiri, yaro zai riƙe bututun gilashi na gaske ne, ya buɗe famfonsa ɗigo-ɗigo har launin ruwan ya juya. Hannun da bai taɓa yi ba zai yi rawa, kuma babu manhajar da za ta koya masa wannan.

Sai littattafai. Na'ura mai ajiyar gigabayit 64 tana ɗaukar littattafan duk darussan babbar sakandare da tsofaffin tambayoyin jarrabawa na shekaru, wuri ya rage. Wannan shi ne tunanin da ke bayan Opon Imo, kwamfutar hannun da jihar Osun ta ƙaddamar a 2013 zamanin Gwamna Rauf Aregbesola. Yau kayan kyauta sun ƙaru: akwai Nigeria Learning Passport da Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da UNICEF suka ƙaddamar a 2022, akwai Kiwix mai ba da damar karanta Wikipedia ba intanet. Ga ɗalibi mai raunin gani, iya ƙara girman haruffa ko sa na'ura ta karanta masa rubutu ba ƙaramin abu ba ne, watakila shi ne bambanci tsakanin ci gaba da karatu da barinsa. Malaman Hausa kuma su tabbatar an sa madannin Hausa a kowace na'ura, don kada yara su saba rubuta ƙ da ɗ da ɓ ba ƙugiya.

Game da shirin jarrabawar kwamfuta, wadda ita ce ta fi jan hankalin iyaye, akwai wani abu da masu saye ke mantawa. A cibiyar JAMB ba taɓa gilashi ake yi ba. Kwamfuta ce mai madannai da linzami, ana danna A, B, C ko D don zaɓar amsa, N don zuwa tambaya ta gaba, P don komawa baya, S don miƙa aiki. Kwamfutar hannu za ta koya wa yaro karanta tambaya a fuskar na'ura da aiki yana kallon agogo na raguwa, wanda shi ma riba ce. Amma ba za ta koya masa madannai ba sai an sayo madannan da linzamai masu waya, da ɗan abin haɗi na USB, ko da guda 20 ne, a riƙa zagayawa da su ga 'yan SS3 tun zangon farko.

To, in amfanin ya kai haka, me ya sa manyan shirye-shiryen raba na'urori ba su cika haifar da ɗa mai ido ba? Ƙasar Peru ta raba wa yaran firamare dubban ɗaruruwan ƙananan kwamfutoci. Binciken da Bankin Raya Ƙasashen Nahiyar Amurka ya fitar a 2012, a makarantun karkara 319 bayan wata 15, ya nuna yaran sun iya sarrafa na'urar, amma makinsu a lissafi da harshe bai ƙaru ba. A 2015 ƙungiyar OECD, ta haɗin kan tattalin arziki da raya ƙasashe, ta duba ƙasashen da suka zuba maƙudan kuɗi a kwamfutocin makaranta, ba ta ga wani ci gaba na a zo a gani a karatu ko lissafi ko kimiyya ba. Rahoton UNESCO na 2023 kan fasaha a ilimi ya yi gargaɗin cewa ƙwararan hujjoji kan amfanin waɗannan kaya kaɗan ne, kuma da yawa daga cikin waɗanda ake kafawa daga masu sayar da kayan suka fito. A 2023 ɗin ce ma Suwidin, wadda ba ta da matsalar wuta ko intanet, ta sanar ta bakin ministar makarantu ta lokacin, Lotta Edholm, cewa za ta ƙara kuɗin sayen littattafan takarda ta rage dogaro da na'ura, musamman ga ƙananan yara. Darasin ba wai na'ura ba ta da amfani ba ne. Na'ura ba ta koyarwa da kanta, kuma kowane minti da yaro ya yi a kanta an ɗebe shi ne daga wani abu.

Ɗaya daga cikin abubuwan da ake ɗebewa shi ne karatu mai zurfi. Wani nazari na 2018 da ya tattara bincike 54 ya gano cewa mutane sun fi fahimtar rubutun bayani in a takarda suka karanta shi, musamman in an ƙayyade musu lokaci. Ido yana saurin zamewa a kan gilashi, mai karatu ya ji kamar ya gane alhali tsallake ya yi. Saboda haka dogon nassi na adabi ko tarihi ko gwamnati ya fi kyau a takarda in akwai hali. Haka ma rubutun hannu. Ɗalibin da zai zana ƙwayar halitta ya sa mata suna, ko ya nuna matakan lissafi layi-layi, ko ya rubuta insha'i mai kalma 450, yana bukatar biro da littafi kullum. Ƙa'ida mai sauƙi ita ce tambaya ta fito a na'ura, aiki ya kasance a littafi, amsa kawai a shigar. Hakan yana rage caca da amsa, inda yaro ke danna zaɓi ɗaya bayan ɗaya har ya dace.

Shagala kuwa ita ce ta fi kayar da shirye-shirye da wuri. A 2013 hukumar makarantun Los Anjelis ta Amurka ta fara wani shiri na dala biliyan 1.3 na ba kowane ɗalibi iPad. Cikin 'yan kwanaki ɗaruruwan 'yan sakandare suka goge makullin da aka sa suka shiga shafukan sada zumunta, a 2014 aka dakatar da kwangilar. A nan gida ma, a 2007, rahotanni sun fito cewa yara a wata makarantar firamare ta Abuja da aka ba kwamfutocin gwaji sun shiga shafukan batsa, sai daga baya aka sa manhajar tace shafuka. Kada wani ya ɗauka yaran Kaduna ba za su iya ba. Hanyoyin sanannu ne: a kashe na'ura a danne madannin ƙara da na kunnawa a mayar da ita kamar sabuwa, ko a sa layin waya, ko a turo fim da wasa ta Bluetooth ko Xender daga wayar wani, ko a sa katin ajiya. Maganin yana farawa tun wajen saye. A ɗauki samfurin da ba shi da ramin layi, mai Wi-Fi kaɗai. Ranar da aka ciro kowace na'ura daga kwali, kafin a sa mata komai, a yi mata rajista a manhajar kula da na'urori ta yadda makaranta ce mai cikakken iko. Manhajar kulawar da aka sa daga baya kamar sauran manhajoji, yaro yana iya cire ta. Daga nan a kulle sauke sababbin manhajoji, da Bluetooth, da kyamara in ba a bukatarta, a bar manhajoji huɗu ko biyar kawai a fuska. Kalmar sirrin mai kula kada ta wuce mutum biyu, domin ranar da aka rubuta ta a allo don sauƙi, an gama. Sauran aikin na malami ne: in zai yi bayani kowa ya kife na'urarsa a tebur, in ana aiki kuma ya tsaya a bayan aji inda yake ganin fuskokin na'urorin, ba a gaba ba.

Yanzu sai wuta, inda lissafi ya fi ra'ayi amfani. Kwamfutar hannu mai inci 10 yawanci batirinta na kusa da mAh 7,000, wato kimanin wat-awa 27. Guda 50 sun kai wat-awa 1,350. In ka ƙara abin da ke ɓacewa a caja da inbata, ka tanadi kilowat-awa 2 a rana. Farantin sola mai wat 550 a Kaduna, in an yi lissafi da awa huɗu na rana mai ƙarfi aka cire asarar waya da zafi, yana ba da kusan kilowat-awa 1.6. Ke nan faranti biyu sun isa na'ura 50, har da ragowa don watan Agusta mai hadari. A haɗa da batirin litiyam na kilowat-awa 2.5 da inbata mai kVA 1 zuwa 1.5, tunda caja 50 masu wat 10 suna jan wat 500 a lokaci guda. Wannan ba babban aiki ba ne, amma dole a ware shi don na'urorin kaɗai. Abin da ke kashe irin wannan sola shi ne a ja mata waya zuwa ofis, a ɗora firji da fankoki da cajin wayoyin ma'aikata, batir ya riƙa ƙarewa ƙarƙaf kullum har ya mutu kafin lokacinsa. Da hunturu kuma ƙura tana lulluɓe faranti, wuta ta ragu ba a san dalili ba. A sa wani ya riƙa wanke shi da ruwa da tsumma mai laushi sau ɗaya ko biyu a mako, da sassafe kafin gilashin ya yi zafi.

Wanda ya ninka wannan lissafi zuwa makaranta mai ɗalibi 1,500, kowa da tasa, zai ga ana maganar kilowat-awa 60 a rana da caja 1,500. In kuma aka ce su yi caji a gida, an mayar da nauyin kan iyaye, ɗan gidan da ba wuta ya zo da na'ura a mace, ko ya kai ta shagon caji inda ake musanya caja da satar katin ajiya.

Zafi ya fi rashin wuta ɓarna, domin shi a ɓoye yake aiki. Masu ƙera waɗannan na'urori galibi suna ba da iyakar digiri 35 don amfani da su. A watan Maris da Afrilu zafin Kaduna yana wuce haka a inuwa, balle ajin da ke ƙarƙashin kwano ba silin. Batirin litiyam yana ɗaukar caji ɗari uku zuwa ɗari biyar kafin ya fara rauni sosai, amma caji cikin zafi da barinsa a cike makonni yana gaggauta tsufansa. Kuskuren da aka fi yi shi ne a jibge na'urori ɗaya kan ɗaya cikin akwatin ƙarfe a rufe, a kunna caji, don tsoron ɓarayi. Zafin kowacce yana shiga ta kusa da ita. Alamar farko ita ce gilashi ya fara ɗagowa daga gefe, ko bayan na'ura ya yi tozo: batir ya kumbura. Wadda ta yi haka a cire ta nan take, kada a danna ta, kada a sake sa mata caji, domin tana iya kama wuta. Akwatin caji ya zama mai ramukan iska, kowace na'ura a tsaye a gurbinta da tazarar yatsa biyu, a ɗaki mai silin da taga mai ƙarfe. In za a tafi dogon hutu, a bar batir a kusan rabi, a kashe na'ura gaba ɗaya. Wadda aka ajiye ba caji tun Yuli, a Satumba tana iya ƙin tashi.

Ramin caji shi ne na biyu wajen lalacewa bayan gilashi. Ƙura tana taruwa a ciki ta dunƙule, caja ta daina shiga sosai, yaro ya tura da ƙarfi ko ya karkata ta, haƙoran ciki su karye. A nemi mai ramin USB-C, wanda ba shi da sama da ƙasa, a bar wayoyin caji a ɗaure a akwati, kuma ɗalibai biyu ko uku da aka koya wa su kaɗai ke sawa da cirewa. Tsinken sakace na itace ya isa fitar da ƙurar, ba allura ba. Kowace na'ura ta samu riga ta roba mai kauri a kusurwoyi da gilashin kariya tun ranar farko, domin kuɗinsu bai kai na canza fuska ɗaya ba. Soket mai araha da ake jona wani a kan wani kuwa hanyar gobara ce, a sa ma'aikacin wuta ya ja layi mai fiyus.

Intanet ma lissafi ne. Bidiyo mai matsakaicin kyau yana cin kusan rabin gigabayit a awa. Ɗalibi 50 su kalli na minti 20, an ƙone fiye da gigabayit 8 a darasi ɗaya, kuma ana bukatar gudun kusan megabit 50 a daƙiƙa don kada ya riƙa tsayawa. Kaɗan ne daga makarantun ƙananan hukumomi 23 na jihar za su iya ɗaukar wannan kowane wata, musamman bayan ƙarin kashi 50 cikin ɗari na kuɗin kira da data da hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince da shi a Janairun 2025. Mutanen Kaduna kuma ba su manta da ƙarshen 2021 ba, lokacin da aka rufe layukan sadarwa a sassan jihar kusan wata biyu saboda tsaro. Tsarin da ba ya aiki sai da intanet, a irin wannan lokaci tsayawa yake cak. Mafita ita ce a ajiye darussan a cikin makaranta. Manhajar Kolibri kyauta ce, ana sa ta a tsohuwar kwamfutar cinya ko ƙaramar kwamfuta mai suna Raspberry Pi, a zuba mata bidiyo da littattafai da tambayoyi sau ɗaya, na'urorin ɗalibai su riƙa ɗauka ta Wi-Fi na cikin gida ba data. Tana kuma ajiye makin kowane ɗalibi don malami. Inda ake tuntuɓe shi ne na'urar Wi-Fi irin ta gida, wadda ke fara shaƙewa in na'urori sun haura 20 ko 30 suna jan bidiyo. A sayi wadda aka yi don taron jama'a, mai zangon gigahaz 5, ko a sa biyu a raba ajin, a kafa su sama a cikin ɗakin da ake aiki, ba a ofis bayan bango biyu ba.

Wajen saye, araha ba ta ado. Na'ura marar suna mai RAM na gigabayit 2 da tsohuwar Android za ta yi nauyi tun zangon farko, in gilashinta ya fashe kuma mai gyaran waya a Kasuwar Sheikh Gumi zai ce babu irinsa. Mafi ƙaranci a nemi RAM gigabayit 4, ajiya 64, fuska inci 10 mai hasken da za a iya karantawa kusa da taga, da kamfanin da ya faɗi shekarun da zai ci gaba da sabunta tsaro. Kafin a sa hannu a kwangila, a ɗauki samfuri ɗaya a kai wa masu gyara biyu ko uku a tambaye su kuɗin fuska da batir da ramin caji, da ko ana samunsu. A ƙara kashi 10 cikin ɗari a matsayin na ajiya. Sayen doki ba shi ne wahala ba, harawar kullum ita ce: na'urar da ke hannun yara shekara uku zuwa huɗu take yi, don haka duk shekara sai an ware kwata ko sulusin kuɗin sayenta don gyara da maye gurbi. Kayan kuma da dala ake shigo da su. Wanda ya yi kasafi a farkon 2023 dala tana ƙasa da naira 500 a farashin hukuma, ya wayi gari a 2024 ta haura 1,500. Makarantar da ba ta da amsar inda kuɗin shekara ta huɗu zai fito, ta san cewa shirin na shekara uku ne.

Duk wannan shi ke sa na'urorin makaranta su fi na kai-da-kai. Saiti ɗaya na guda 50, in ana amfani da shi darasi biyar a rana, ya ba da darasi 25 a mako. Makaranta mai azuzuwa 12 na babbar sakandare, kowane aji ya samu sau biyu a mako, ɗaya lissafi ɗaya kimiyya ko Turanci. Aji mai ɗalibi 100 su zauna biyu-biyu, kuma hakan ba ragi ba ne, domin biyu suna gardama kan amsa kafin su danna, ɗaya kuma yana hana ɗaya yawo. Sai dai a kula da lokaci. Darasi minti 40 ne, in rabawa ta ci biyar karɓa ta ci biyar, kwata ya tafi. Gara a sa shi a darasi mai ninki na minti 80, ko ɗalibai su riƙa zuwa ɗakin da na'urorin suke. A rubuta wa kowacce lamba babba a baya, kowane ɗalibi ya san lambarsa ba ya canzawa, a duba fuska a gaban malami kafin a fita. Ta haka ake sanin hannun da ɓarna ta faru.

Tafiya da ita gida tana da wasu haɗurran da ba a rubuta su a takardar shiri. Ƙwacen waya ba labari ba ne a unguwanninmu, kuma yaro mai kayan makaranta da kowa ya san akwai na'ura a jakarsa an sa shi a gaba. A cikin gida, sau da yawa yaya ne ko kawu zai karɓe ta don kallo, musamman in mai ita mace ce. Wasu iyayen kuma ba za su yarda 'yarsu ta kwana da na'ura a ɗaki ba, kuma damuwarsu abar saurare ce. Sannan ga tambayar wa zai biya in ta fashe. In aka ce iyaye, talaka zai hana ɗansa taɓa ta, ko yaron ya daina zuwa makaranta don tsoro. Wannan magana a zauna a yanke ta da ƙungiyar iyaye da malamai da kwamitin kula da makaranta na al'umma, wato SBMC, kafin a buɗe kwali, a rubuta. Makarantun kwana irin su Barewa da Queen Amina suna da sauƙi a nan, tunda ana iya fito da na'urorin lokacin karatun dare a ƙarƙashin kulawa a mayar.

Malami shi ne ya kamata ya fara riƙe na'urar, zango guda cur kafin ɗalibai. Taron horo na kwana biyu a otal ba ya wadatarwa. Abin da malamar bayoloji ke bukata shi ne a zauna da ita da tsarin aikinta na zango, a nuna mata mako na nawa ne wane bidiyo ko gwaji ya dace, da abin da za ta yi in Wi-Fi ya ƙi tashi ɗalibai 80 suna kallonta. Wanda ya ji kunya sau biyu a gaban aji ba zai sake fito da na'urorin ba, su ƙare a sito. Kaduna ba ta rasa masu iya wannan aiki ba: Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa tana nan, ga tsangayar ilimi ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, ga Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya. Jihar kuma tana cikin bakwai na farko a shirin AGILE na Bankin Duniya don bunƙasa ilimin 'yan mata, wanda ke da ɓangaren koya wa 'yan mata fasahar zamani. Kowace makaranta ta ware malami ɗaya mai kula da na'urori, a rage masa darussa, in ba haka ba aikin zai zama na kowa, wato ba na kowa ba.

Inda kuɗi bai kai saiti 50 ba, na'ura ɗaya a hannun malami da majigi da lasifika tana ba da kaso mai tsoka na amfanin kimiyyar da aka ambata, ba tare da shagala ko akwatin caji ba. Inda kuma rufi ke yoyo, yara na zaune a ƙasa, ko babu malamin fiziks sam, to wannan kuɗin a can ya fi amfani, kuma faɗin haka ba ƙin ci gaba ba ne.

Akwai haƙƙin yaran da bai kamata a sarayar ba. Manhajoji da yawa suna tattara suna da shekaru da maki, wani lokaci har hoto. Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta bukaci izinin iyaye ko mai riƙo kafin a sarrafa bayanan yaro. Shugaban makaranta ya tambayi kamfani a rubuce inda bayanan ke zuwa, wa ke gani, da abin da zai faru da su da darussan kansu in kwangila ta ƙare, domin akwai na'urorin da ke kulle abin da ke ciki da zarar an daina biyan kuɗin shekara. Inda lamba za ta wadatar, a yi wa ɗalibi rajista da lamba maimakon cikakken suna.

Sannan a auna ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu, tun ana iya gyarawa. A farkon zango a yi wa duk azuzuwan SS1 gwajin lissafi iri ɗaya a takarda. Rabinsu su fara da na'ura a wannan zangon, sauran su karɓa a zango mai zuwa, don kada a tauye kowa. A ƙarshen zango a sake gwaji mai nauyi ɗaya, wani malami daban ya duba. A gefe guda mai kula ya riƙe rajista: darasi nawa aka tsara, nawa aka yi da gaske, na'ura nawa ke aiki a kowace Juma'a, me ya lalace. In darussan da aka yi ba su kai rabin waɗanda aka tsara ba, a binciki wuta da jadawali da malamai tukuna, kada a ƙaro ko guda ɗaya sai an gano abin da ya hana.